An ce Hajiyarmu ta dangwala a takardar gwajin magani, ya kuke gani?

Maman Ilham:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Hajiyarmu tana fama da hawan jini, jiya na raka ta asibiti sai wata ma'aikaciya ta ja mu gefe wai ana binciken wani sabon magani, in ta shiga awo kyauta magani kyauta har da kuɗin mota. Ta miƙo takarda shafi wajen goma duk turanci, ta ɗan yi bayani sama-sama ta ce Hajiya ta dangwala, ni kuma na ce a bari mu je gida tukuna. A cikin adaidaita na tambaye ta me ta gane, sai cewa ta yi ai likita ne ya ga tsohon maganin bai karɓe ta ba zai canja mata mai kyau. Wlh abin ya tsaya min a rai. Yanzu ma fushi take wai na ba ta kunya gaban likitoci.

Ɗan Fagge:
Kar ku kuskura. Mun manta 1996 ne? Lokacin annobar sanƙarau kamfanin magunguna na Pfizer suka zo asibitin Zana nan Kano suka gwada wani sabon magani Trovan, yara 200 aka sa a ciki, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba wanda ya faɗa musu gwaji ne, kamfanin ya ce an yi musu bayani da baki kuma cutar ce ta kashe yaran, aka yi ta shari'a sai 2009 suka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Yana cikin abin da ya sa mutanenmu suka guji allurar shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake.

Anti Nas:
Ɗan Fagge tarihinka gaskiya ne, sai dai cikin 11 ɗin nan biyar ne suka sha Trovan, shida ɗaya maganin da ake kwatanta Trovan da shi aka ba su, kuma babbar ɓarakar ita ce wannan da Maman Ilham ta gano a adaidaita, mutum yana cikin gwaji shi a zatonsa jinya ake masa. Amma ba kowane bincike ne cuta ba fa, ƙwayar da Hajiya ke sha yanzu ma a jikin wasu aka gwada ta.

Maman Ilham na taɓa aikin cike irin takardun nan, kin yi daidai da kika ce a je gida, haƙƙinku ne. Abin da ya fi wuyar fassarawa shi ne ba likita ke zaɓa mata maganin ba, kwamfuta ce ke rabawa kamar ƙuri'a, wasu su samu sabon wasu tsohon, a wani binciken ma ƙwaya ce wadda ba magani a cikinta, kuma sau da yawa shi kansa likitan bai san wanne ta samu ba sai an gama. Ni sai na ce wa tsofaffi kamar manomi ne ya raba gonarsa biyu ya sa taki iri biyu, shi ma bai san wanne zai fi ba sai kaka, nan take suke ganewa. Ku tambaya za ta daina maganinta na yanzu ko a'a, wannan da hawan jini ba wasa ba ne, sannan wa zai biya in ya yi mata illa, jini nawa za a ɗiba kuma ina za a kai shi, akwai amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da ta NAFDAC? Tunda ba ta karatun boko dole a samu shaida wanda ba ma'aikacin binciken ba ya zauna a karanta a gabansa, a ba ku kwafi. Ko ta dangwala duk ranar da ta ga dama za ta iya fita, kuma ba mai hana ta ganin likitanta don ta ƙi.

Baba Malam:
'Yata Allah ya yi miki albarka. Iyayenmu mata in suka ga farar riga ko ba su gane ba to kawai za su ce, kunya ce. Amma ke ma ki kula, ba ke za ki yanke ba, ba kuma yayyenki maza ba, jikinta ne. In an warware mata har ta maimaita da bakinta daidai, ta ce tana so, ki bar ta.

Maman Ilham:
Na gode sosai, Baba na ji. Anti na gwada mata misalin gonar nan da daddare ta yi shiru can ta ce au, ashe su ma ba su sani ba? Na kira lambar da ke jikin takardar sun ce akwai ta Hausa mu zo ranar Alhamis, to amma Hajiya ajami take karantawa, Anti kin taɓa ganin wadda aka rubuta da ajami kuwa?