Albam ɗin da ya wuce ku, sai daga baya kuka gano shi

Tsohon Kunne: Salamu alaikum jama'a. Makon jiya wayata ta cika, na zauna ina goge tarkace, sai na ci karo da wani albam da na sauke tun 2020 ban taɓa buɗe shi ba. Rejoice ne, na Tony Allen da Hugh Masekela. Na ce bari in ji waƙa ɗaya kafin in goge. Wallahi ban motsa ba sai da takwas ɗin suka ƙare. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Da na bi diddigi sai na gane dalilin da ya sa ya wuce ni. A Landan suka fara ɗaukarsa a 2010, aka ajiye. Masekela ya rasu a Janairun 2018 ba a kammala ba, Allen ya koma ya ƙarasa a 2019. Aka sake shi a Maris 2020, daidai lokacin da korona ta rufe duniya, kowa na ta kansa. Ranar 30 ga Afrilu shi ma Allen ya rasu. Babu wanda zai hau dandali ya buga shi, babu wanda zai zauna da 'yan jarida. Ga mutumin da ya shimfiɗa wa Fela ganga shekara da shekaru, ga mai ƙahon Afirka ta Kudu, tsofaffi biyu suna hira da kayan kiɗa, ba mai gaggawar nuna wa wani iyawa. Gangar Allen kamar ba ya taɓa ta, amma kafaɗarka ba za ta zauna wuri ɗaya ba.

To ku fa? Wane albam ne na 'yan shekarun nan ya kusa wuce ku, kuma yaya aka yi kuka haɗu? Labarin haɗuwar nake so, kada a jero mini sunaye kawai.

Mai Tuƙin Dare: Wa alaikumus salam Baba. Nawa fasinja ne ya kawo mini har mota. Wajen ƙarfe biyu na dare na ɗauki wani dattijo, ya ce ko zan bari ya haɗa wayarsa da rediyon motar. Raina bai so ba, don na sha wuya da irin wannan roƙon, amma furfura ta sa na amince. Sai wani kiɗa ya taso a hankali, akodiyon a gaba, ganga na bin sa a baya, babu murya. Minti goma waƙar farko ta ci. Da muka isa ban karɓi kuɗi ba sai da ya rubuta mini sunan a takarda: Lala Belu, na Hailu Mergia, 2018.

Abin da ya ƙarasa kama ni shi ne labarin mutumin. Babban makaɗi ne a Habasha tare da ƙungiyar Walias, suka je wasa Amurka a 1981, bai koma ba. Ya shafe shekaru yana tuƙin tasi a filin jirgin Dulles, fiyanonsa na lantarki na cikin but, in babu fasinja ya ciro ya yi ta bita. Wato abokin sana'ata ne. Yanzu duk daren da barci ya fara fizgata shi nake sawa. Fasinja goma, da ƙyar ɗaya ya tambayi ko mene ne. Sauran cewa suke in canza, wai ba a waƙa a ciki.

Malamar Lissafi: Ni dai ba zan iya ba da nawa ba tare da na ambaci rashi ba. Ƙanena ya rasu a 2021, na yi watanni ba na son jin komai. Wata abokiyar aikina ta turo mini Vulture Prince na Arooj Aftab, ba ta ce komai ba, ni ma ban buɗe ba sai bayan sati uku. Ba na jin Urdu, harshen da take waƙa da shi, ko kalma ɗaya. Kusan babu ganga a cikinsa, sai murya mai sanyi da tsirkiyoyi da ake tsinka da yatsu, da goge can ƙasa-ƙasa. Na yi kukan da na kasa yi ranar jana'iza. Sai daga baya na karanta cewa ita ma ƙanenta ne ya rasu tana tsaka da aikin, shi ta sadaukar wa albam ɗin. Ban san haka ba lokacin da nake ji, amma kunnena ya riga ya sani.

Ɗan Gardama: Allah ya jiƙansa Malama, ya ba ku haƙuri. Amma ki yi mini afuwa, wannan bai shiga sahun waɗanda aka yi watsi da su ba. Arooj ta ci kyautar Grammy a 2022, ita ce 'yar Pakistan ta farko da ta ci. Obama ma ya sa ta a jerin waƙoƙinsa na 2021. Me kuma ake nema?

Malamar Lissafi: Amin, na gode. Waƙa ɗaya ce ta ci kyautar, ita ce kuma Obama ya zaɓa. Waƙoƙi bakwai ne a ciki. Ka tambayi masu yabon ko sun ji sauran shidan, sai ka ga ana sosa ƙeya.

Mai Haɗa Sauti: Maganar Malama ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Aikina ke nan, shekara goma sha ɗaya ina zaune gaban na'ura. Abin da nake gani kullum: mawaƙi ya zo da shimfiɗa mai daɗi ta daƙiƙa arba'in, mu gama gyara ta, washegari ya dawo ya ce a yanke, murya ta shigo tun daƙiƙa ta biyar. Ba laifinsa ba ne. A Spotify sai an ji waƙa daƙiƙa 30 ake lissafa ta, kuma tun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata goma sha biyu ba, ba ta samun ko sisi. A 2023 sabbin waƙoƙin da ake zubawa a manhajojin nan sun haura 100,000 a kullum. Wanda ya tsaya gaisuwa an wuce shi.

Shi ya sa Promises ya ba ni kunya. Na Floating Points ne, mai haɗa kiɗa da na'ura, da tsohon mai busa ƙaho Pharoah Sanders da ƙungiyar makaɗan London Symphony Orchestra, 2021. Minti 46 ne a dunƙule, an kasa shi tara, wani ɗan gajeren sauti yana ta dawowa daga farko har ƙarshe kamar ɗigon ruwa. Karon farko na kashe shi a minti na uku, na ce wannan ba ya zuwa ko'ina. Ni da nake zagin masu yanke shimfiɗa! Bayan Sanders ya rasu a Satumbar 2022 na sake gwadawa, da abin sawa a kunne, fitila a kashe. Ana jin numfashin tsohon a jikin ƙahon kafin sautin ya fito. Irin numfashin da ake biyana in goge ke nan. Masu sharhi sun yabe shi sosai, na sani, kada Ɗan Gardama ya taso mini. Amma cikin mawaƙan da ke shigowa wurina ban samu ko ɗaya da ya ji shi har ƙarshe ba.

Ɗan Gardama: Na yi shiru Yallaɓai. Tunda kowa ya kawo mai sa barci, bari in tashe ku. Tantabara na Tal National, 2018. Sunan ne kawai ya ja ni na danna. Jita biyu na tsere, kalangu na tsoma baki, kiɗan ya juya sau uku kafin ka gama gyara zama. 'Yan Yamai ne, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, kuma jagoransu, Almeida, alƙali ne a kotu. Na sa wa wani abokina mai son kiɗan Turawa mai ƙarfi, ya rantse an ƙara masa sauri da na'ura. Sai da na nuna masa bidiyonsu suna bugawa da hannu. Abin da ke ba ni haushi, duk wanda ka ce wa jitar Nijar sai ya ce Bombino ko Mdou Moctar, ya tsaya nan. Sun cancanta, ban musa ba, amma gidan ai da sauran ɗakuna.

Auta: Yayyena ni ƙaramar cikinku ce, kunnena bai kai naku ba. Roots na The Cavemen, 2020. 'Yan'uwa biyu ne, ɗaya na ganga ɗaya na jitar bes, suna hailaif da Ibo. Lokacin kulle na same shi, na yi ta wanke-wanke da shi. Mahaifiyata ta leƙo ta ce wa ya ba ni kiɗan zamaninsu, na ce ai bana aka yi shi, ba ta yarda ba har yau.

Mai Walda: Auta kin kyauta. Ni sana'ata ce ta haɗa ni da nawa. Hoto na fara gani kafin in ji sauti: wani mutum riƙe da abin da ba jita ba, ba garaya ba. Na ƙura ido na ce wannan an yi masa walda. Ashe kuwa haka ne. Noori sunansa, ɗan ƙabilar Beja daga Port Sudan a bakin Bahar Maliya. Ya tsinci wuyan jita a wurin tarkacen ƙarafa, ya haɗa shi da tambur ɗin gargajiya mai tsirkiya huɗu da mahaifinsa ya ba shi. Albam ɗin Beja Power! ne, na Noori da Dorpa Band, 2022, kiɗa shida babu waƙa, ƙaho na tafiya a sama kamar iskar yamma.

Nakan sa shi a wurin aiki bayan la'asar in mun kashe injin. Yarana da farko dariya suke, wai oga ya koma jin kiɗan talla. Yanzu ƙaramin cikinsu ne ke tuna mini in na manta. Ko shekara albam ɗin bai cika ba yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, daga nan duk labarin da ke fitowa daga ƙasar na bindiga ne da gudun hijira. Nakan ji shi in tuna a Omdurman aka ɗauke shi, in rasa abin cewa.

Tsohon Kunne: Madalla da ku. Na rubuta shida a takarda, don na daina yarda da wayar nan. Mai Haɗa Sauti, naka zan bari sai daren Juma'a in jikoki sun tafi, tunda ka ce sai an kashe fitila.

Mai Tuƙin Dare: Mai Walda, na nemo naka yanzu ina jiran fasinja. Ina kan na biyu. Wani ya ƙwanƙwasa gilashi, na ce masa ya ɗan dakata.