Gishiri ne ke sa wa yarona borin jini?

Mai tambaya (daga unguwar Zariya, Maraɗi):
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Dan Allah shawara nake nema. Ɗana mai shekara 7, wata biyu ke nan jikinsa na tashi da borin jini, tashi-tashi ja kamar an zane shi da tsumagiya, ga ƙaiƙayi har ya kasa barci. Ba kullum ba, sai an ci abinci da dare wani lokaci. Uwar mijina ta ce gishirin leda ne da muka koma saye, wanda aka ce akwai ayodin a ciki, wai jininsa ne bai ɗauke shi ba. Sati biyu ke nan ina raba mashi tukunya, miyarsa lami. Yaro ya ƙi tuwo, har ya fara ramewa. To ranar Juma'a babansa ya shigo da tsire, ya ci tsinke biyu, kafin mu yi sallar isha'i abin ya dawo, har leɓensa na sama ya kumbura. Inna ta ce ai ga shi nan, gishirin tsiren ne. Shin da gaske gishiri yana yin haka?

Wata uwa daga Tibiri:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ni dai na yarda da Inna. Mahaifiyata in ta ci abin da gishiri ya yi yawa, da safe za ki ga ƙafafunta sun haye, fuska ta yi suntum. Mun rage mata, ta samu sauƙi. Ki ci gaba da hana shi.

Malamar asibiti:
Ƴar'uwa, sannu da jinya. Kafin komai, kumburin leɓen nan shi ya fi damuna, ki kai shi asibiti cikin satin nan ko da ya sace. In kuma wata rana kika ga harshe ya kumbura, ko murya ta shaƙe, ko numfashi na fita da ƙara, ko ya yi laushi kamar zai suma, kada ki jira gari ya waye. Wannan allurar adirenalin yake buƙata, ƙwayar borin jini ba ta isa ba.

Batun gishiri kuwa, da wuya ƙwarai ya zama shi ne. Jikin mutum da kansa ruwan gishiri ne. Ki ɗanɗana hawaye ko zufa. Ruwan da muke ƙara wa marasa lafiya ta jijiya, kowace lita akwai giram 9 na gishiri a ciki, kuma jarirai ma ana sa masu. Irin borin da abinci ke jawowa, garkuwar jiki ce ke rikicewa ta ɗauki wani furotin (sinadarin gina jiki) na cikin abincin a matsayin abokin gaba, sai ta saki wani sinadari da ake kira histamin, fata ta tashi. Gishiri ba shi da furotin ko kaɗan. Ayodin ma haka, jiki na buƙatarsa, rashinsa ne ke kawo maƙoƙo da dakushewar ƙwaƙwalwar yara. Kada ki bar gishirin ledan saboda wannan.

Tambayata: cikin sati biyun nan bai ci burodi ba? Bai ci ƙosai ko taliyar da ake sayarwa bakin lakwal ba? Dukansu da gishiri ake yin su. In ya ci bai yi komai ba, kin ga an wanke gishiri. Ni tsiren nake kallo. Mi ake barbaɗa wa tsire? Garin ƙuli-ƙuli. Gyaɗa na cikin abincin da aka fi sani da haddasa wannan matsala a duniya, tare da ƙwai, madara, kifi, alkama, waken suya da riɗi. Kuma yadda kika faɗa, daga ci zuwa tashin jiki bai kai awa biyu ba, haka nata yake zuwa. Ki tuna baya: darerakun da abin ya taso, mi aka ci?

Hajiya ta Tibiri, na mahaifiyarki daban ne. Gishiri na riƙe ruwa a jiki, kuma akwai mutanen da tansiyonsu ke hawa sosai in sun ci shi, musamman tsofaffi, masu ciwon suga ko ƙoda, kuma mu baƙar fata abin ya fi kama mu. Rage mata da kuka yi daidai ne, amma kumburin ƙafa da fuska ga tsohuwa yana son a auna tansiyon, a duba fitsari da zuciya.

Wani dattijo daga Tasawa:
Ni dai abin da na sani, lokacin da muke yara gishirin Balma muke gani, ayarin raƙuma ke kawo shi daga Kawar, kantu na dabbobi, beza na miya. Akwai na Foga, akwai manda daga ƙasar Manga. Ban taɓa jin an ce gishiri ya fitar wa wani da ƙurji ba. Abin da ya canza shi ne dunƙule. Yanzu mace za ta jefa huɗu biyar cikin miya ɗaya, ta ƙara farin magi, sannan ta kawo gishiri ta zuba, daddawa kuwa an mayar da ita abin ƙauyawa. Ku duba can.

Malamar asibiti:
Baba ya taɓo wuri mai kyau. Dunƙule kusan rabinsa gishiri ne, shi ya sa masu tansiyon da yawa ke rantse mani sun bar gishiri alhali suna cin sa ta bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, haɗe da na cikin dunƙule da burodi da komai. Yara ƙasa da haka. Sannan wasu dunƙulen akwai waken suya, alkama ko kifi a ciki, yana rubuce jikin kwalin. In ba gyaɗa ba ce, nan za a duba na gaba.

Wani matashi:
Ki jiƙa mashi kanwa da sabara ya sha kwana uku, wanke ciki ne, zai fita.

Wata uwa daga Gidan Rumji:
Haba ɗan'uwa, kanwa ga yaron da ya rame? Ita ma ai dangin gishiri ce, kuma zawo za ta sa shi. Maman yaro, ƙanena haka ya yi, nashi busasshen kifi ne. Littafi mamanmu ta samu tana rubuta duk abin da ya ci da lokacin da jikin ya tashi, cikin wata guda aka gane. Ki yi haka ki tafi da shi wurin likita.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, burodi kullum yake ci da shayi, bai taɓa yin komai ba. Na zauna na yi ta tunani: ranar farko kunun gyaɗa muka sha, wata rana kuma kwaɗon zogale na yi da ƙuli. Sauran ban tuna ba. To in ba shi ƙuli kaɗan gobe in gani, don Inna ta yarda?

Malamar asibiti:
A'a, dan Allah kada ki gwada a gida. Wanda leɓensa ya riga ya kumbura, ba a san yadda na gaba zai zo ba. Ki janye mashi gyaɗa duka har likita ya gan shi: ƙuli, tunkuza, kunun gyaɗa, yajin tsire, kilishi, har man gyaɗa na gida da mata ke matsewa, don furotin ɗin na saura cikinsa. Na san a Maraɗi hana yaro gyaɗa aiki ne, ko maƙwabta za su miƙa mashi, saboda haka ki gaya masu, ki gaya wa malaminsa. Miyarsa kuwa ki mayar mata da ɗan gishirinta daren nan ya ci tuwo. Inna kuma ki tafi da ita asibitin, ta ji daga bakin likita, zai fi maki sauƙi da ki faɗa mata da kanki.

Mai tambaya:
To Malama. Litinin da safe in sha Allah. Babansa zan sa ya yi mata magana, shi ta fi saurare.