Valvola, pistone, coppia: ina ake raba su, ina ake danna murya?

Tambaya: Masu aiki da littattafan injin Italiya, da ku nake. Yaya kuke raba irin waɗannan kalmomin Italiyanci gaɓa-gaɓa, kuma wace gaɓa ce ke ɗaukar nauyin murya?

Mai fassarar littattafan inji: Fara da rabo, shi ne mai sauƙi. Baƙi mai shadda a tsakiya ake raba shi: bul-lo-ne, in-gra-nag-gio. Idan l, m, n ko r suka zo kafin wani baƙi, gaɓar baya suke bi: val-vo-la, pom-pa. Inda ake yawan zamewa shi ne s. Ita gaba take bi, wato pi-sto-ne, ba pis-to-ne ba. Haka dr ba a raba ta: ci-lin-dro. Masu ɗab'i kan bi ƙa'idar UNI 6461, ta hukumar ƙa'idoji ta Italiya, wajen yanke kalma a ƙarshen layi.

Makanike: Malam ya faɗi gaskiya, amma a gareji ba rabo ne ke kunyata mutum ba, nauyin murya ne. Yawancin kalmomi a gaɓar kusa da ƙarshe ake dannawa: mo-TO-re, sal-da-TU-ra. Sai kunne ya saba, mutum ya ce val-VO-la, alhali VAL-vo-la ce. Irinta su ne AL-be-ro da ter-MO-me-tro, masu nauyi a gaɓa ta uku daga ƙarshe, Italiyawa suna kiransu sdrucciole. Rubutu ba ya nuna su, alama sai a ƙarshe kawai, kamar velocità. Ƙamus ne maganinsu.

Malamar Italiyanci: Ku lura da aikatau. A jam'i nauyin kan ƙara ja baya: lu-BRI-fi-ca-no, gaɓa ta huɗu daga ƙarshe. Shadda kuwa Bahaushe ya riga ya iya ta, kada ya yar. Coppia di serraggio ƙarfin ɗaure noti ne. Ka sauke p ɗaya, ka ce copia, kwafin takarda kake nema.

Makanike: Malama, a ƙara da c. A cinghia, ci ɗin irin namu ne na "ciki", gh kuma g ce zalla. Amma chiave "kiyave" ce.

Mai fassarar littattafan inji: Doguwar kalma kuma a fasa ta biyu. Cacciavite haɗin caccia ne da vite, tergicristallo kuma tergi da cristallo. Babban nauyin yana kan rabin baya: cac-cia-VI-te, ter-gi-cri-STAL-lo.