Thor na fim da Thor na mutanen da

Ɗan Kallo:
Ku ba ni Thor na finafinan Marvel, gwarzon duniya,
Gashi har kafaɗa, yana ƙyallin zinariya,
Gudumarsa ba ta ɗaguwa sai ga mai gaskiya,
Ƙaninsa Loki kaɗai ke jawo masa tsiya.

Malam Mai Littafi:
Sannu ƙanena, a tatsuniyar mutanen Arewacin Turai na da, zancen ba haka yake ba,
Jan gemu ne da Thor, ba gashin zinariya ba,
Loki kuwa, Odin uban Thor bai goye shi ba,
Jini suka gauraya, rantsuwa ce, ba haihuwa ba.
Laufey da fim ya mayar uban Loki, uwarsa ce, ba uba ba,
Hel ma, da fim ya mayar yayar Thor, 'yar Loki ce, Odin bai haife ta ba.

Anti Mai Zolaya:
Malam, ka tsallake ranar abin kunya,
Da ƙato Thrym ya sace guduma ya kai maɓoya.
Ina gaskiyar? Ɓarawo ya ɗaga ya yi tafiya!
Ya ce ba zai mayar ba sai an aura masa allahiya Freya,
Aka yafa wa Thor lulluɓi a madadinta, ga ango ga amarya,
Ta lamushe sa guda da kifi takwas ita ɗaya,
Har kayan daɗin mata ta share gaba ɗaya.
Loki, cikin shigar ƙawar amarya, ya gyara murya:
Kwana takwas ba ta ci ba, ɗoki ne, ba ƙarya!
Da aka ɗora mata guduma a cinya,
Ango da danginsa ba wanda ya kai safiya.

Ɗan Kallo:
Anti kin kashe ni, amma Malam ina da tambaya,
Wa ya rubuta, da za ka ce nan ne gaskiya?

Malam Mai Littafi:
Da yawan labaran, Snorri Sturluson ne ya tattara,
A Aislan, wajen 1220 ya tsara,
Shi Kirista ne, bautar Thor ta daɗe da ƙaura,
Har ya ce su Thor mutanen tsohon birnin Troy ne, aka kai su sama daga baya.

Ɗan Kallo:
Ashe Snorri ma darakta ne, Malam ka faɗa,
Ya yanke, ya ƙara, ya liƙa, ya haɗa!

Anti Mai Zolaya:
Darakta ne, yaro, amma bai yi wa gwarzo kara ba,
Tsohuwa Elli ta kama Thor kokawa, ba da wasa ba,
Ta kai gwiwarsa ƙasa, Snorri bai ɓoye ba.
Tsufa ce ita. Je ka nemo mai kayar da ita, ban hana ba.