Kofi ya sauka ƙaramin gari: musayar baitoci kan gasar ƙwallon kwando ta NBA, 2025

Ɗan'asabe, Sabon Garin Zariya

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ban runtsa ba. Tun ƙarfe ɗayan dare nake riƙe da waya har aka tashi: Thunder ta Oklahoma 103, Pacers ta Indiyana 91. Shekara tara ina ɗauke da wani abu a ƙirji, yau na sauke shi. Mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah nake farawa,
Daren jiya ido bai ga runtsawa,
Wasa na bakwai ake kammalawa,
Kofi ya sauka ƙaramin gari.

Oklahoma, garin da ake rainawa,
Ba teku, ba 'yan fim na nunawa,
Kuɗin talla can ba ya taruwa,
Amma sun zo da shiri tun fari.

A 2012 Harden ya wuce,
A 2016 Durant ya kufce,
Gun masu fid da mu ya je ya kwance,
Muka haɗiye kuka, muka yi haƙuri.

A 2019 George ya ce zai tafi,
Manaja Presti ya sallame shi ba da zafi,
Ya karɓo Shai, yaron da zai ɗau kofi,
Da zaɓen zagayen farko biyar ƙari.

Sun ci 68 cikin kaka,
Shai ne gwarzo, babu shakka,
Iri suka zuba, suka yi jiran shuka,
Yau ga dami nan a sarari.

Ina masoya manyan birane,
Masu sayen tauraro kamar zane,
Ku zo ku faɗa mana ko mene ne
Ya sa kuɗinku bai zama jari.

Nura, Fagge

Wa alaikumus salam, Yaya. Tunda ka kira mu, ga ni.

Yaya Ɗan'asabe, barka da nasara,
Murnarka ta iso ni, ban musa ba ko ɗaya.

Sai dai kofi guda ba ya rufe littafi,
Lakers ta Los Angeles na da 17 cikin ma'ajiya.

Kareem ya ci wa Milwaukee a 1971,
A 1975 Los Angeles ya kamo hanya.

Shaq ya baro Orlando a 1996,
Uku a jere ya ɗauka gaban duniya.

LeBron ya zo, Davis ya biyo daga New Orleans,
A 2020 kofi ya dawo gida lafiya.

Fabrairun bana Luka ya sauka,
Dallas da kanta ta kawo shi a musaya.

Mai atamfa Kantin Kwari yake nufa,
Ba ya baje haja inda babu mai saya.

Ƙafar ɗan wasa kwanakinta ƙidayayyu ne,
In bai tara yau ba, gobe wa zai ɗau ɗawainiya?

Anti Hadiza, Jos

Nura ya ambaci Milwaukee, ba zan iya yin shiru ba.

Ƙanena Nura, ka yi lissafi,
Amma ka tsallake wani shafi,
Garin da Kareem ya bari ya tafi,
Wani ya zo ya maido masa girma.

Iyaye daga Legas, haihuwar Atina,
Yana tallan agogo cikin rana,
Da tabarau, don a ci a kwana,
Takalmi guda, shi da wansa, ana fama.

A 2013, na 15 aka kira,
Siriri dogo, ba wanda ya lura,
Sunan Giannis sai an yi ta gyara,
Garin sanyi ya ba shi wurin zama.

Disambar 2020 ana ta zawarci,
Ya dubi garin da ya yi masa karamci,
Shekara biyar ya sa hannu da mutunci,
Ya zauna gonarsa ya ci gaba da noma.

Gwiwa ta lanƙwashe a wasan Atlanta,
Daren da har yau ban manta,
Ya ɗaure ta, ya tashi ya taka ta,
Phoenix ta ci biyu, ya zo ya rama.

Maki 50 a wasa na shida,
Shekara 50 kofi bai kwana gida,
Na tashi yarana don su shaida,
Kiran assalatu ya same mu muna tsuma.

Nura, Fagge

Anti, ban ja da ke kan Giannis ba,
Amma irinsa nawa ne in za a ƙidaya?

Lillard ya yi 11 a Portland yana jira,
Ko wasan ƙarshe bai taka ba sau ɗaya.

Garnett ya yi 12 a Minnesota,
Sai a Boston, 2008, ya ga biyan wahalar tafiya.

Kawu Iro, Tudun Wadan Kaduna

Na buga ƙwallon kwando lokacin da filinmu siminti ne tsagagge, kwandon kuma zoben ƙarfe ba raga. Na daɗe ina bin gasar nan. Akwai abin da ku ukun ba ku taɓo ba.

'Ya'yana, kowa ya faɗi gaskiyarsa,
Amma wasan nan yana da dokarsa,
Mai son ganewa sai ya bi tushensa,
Ba son gari kaɗai ba ne ke aiki.

Wanda ya ƙare a ƙasan teburi,
Shi ke da rabon zaɓe da wuri,
Haka Spurs ta samu Duncan tun fari,
Sau biyar San Antonio ta yi biki.

Albashi an yanka masa iyaka,
Ka haura, haraji ya hau kanka,
Ɗan da ya girma kuwa a gidanka,
Tayinka gare shi ya fi na baƙo auki.

A 2023 aka ƙara katanga,
Mai yawan kashewa dole ya ja tunga,
Musaya ta yi masa wuya, kowa ya hanga,
Attajiran ƙungiyoyi suka taka birki.

Phoenix ta tara taurari uku,
Durant da Booker da Beal, ga su gabanku,
Wasa 36 suka ci, ku duba littafinku,
Ko zagayen farko ba su shiga ciki.

Daga 2019 zuwa bana,
Zakaru bakwai, kowa da nasa suna,
Toronto, Lakers, Bucks, Warriors na tuna,
Denver, Boston, yau Thunder ke mulki.

Amma Ɗan'asabe, ɗana, ka shirya,
Dokar nan ba ta san ɗan gida ba ko ɗaya,
Shai da Williams da Holmgren duk za a biya,
Kuɗi ne ya raba ku da Harden, ba rashin kirki.

Sagir, Samaru

Allah ya ƙara girma, Kawu. Ni maganar Anti ce ta tsaya mini.

Anti Hadiza, na ji batun amana,
Bari in kawo na ɗan garinmu in nuna.

Masai Ujiri a Zariya ya tashi,
Toronto ta damƙa ragama gare shi.

DeRozan shekara tara yana musu bauta,
Bai nemi ƙaura ba, bai nemi fita.

A 2018 Masai ya yanke,
Ya miƙa shi Spurs, Kawhi ya cafke.

Kaka guda baƙon ya zauna,
Ya ci musu kofi, ya bar musu suna.

Ya koma Clippers, gida Kalifoniya,
Mai amanar ne aka bari a baya.

Ina alfahari da Masai, ban ɓoye ba,
Amma ciwon DeRozan bai sake ni ba.

In ƙungiya na sayar da ɗa ba shawara,
Don me in ɗa ya tafi za a kai shi ƙara?

Anti Hadiza, Jos

Sagir, ka taɓa inda yake da zafi,
Jrue Holiday ya taya mu ɗaukar kofi,
A 2023 mu muka sa shi ya tafi,
Ya ci a Boston, ni kuwa na ji kunya ta kama.

Auta Bilkisu, Maraɗi

Ina gaida manya. Tun ɗazu nake karantawa, hannuna ya ƙi rubutu sai yanzu.

Iyayena, yayyena, ku ba ni wuri,
Kuna ta batun kuɗi da tsari,
Ni Indiyana nake bi tun fari,
Yau na wayi gari da zazzaɓin asara.

Ba wanda ya sa mu a lissafi,
A NBA ba mu taɓa ɗaga kofi,
Bucks da Cavs da Knicks mun fi su ƙarfi,
Siakam ɗan Kamaru yana ta dabara.

Wasan farko, saura ƙiris a tashi,
Haliburton ya ɗaga, ba mai tare shi,
Raga ta karɓa, na yi ihu don shi,
Har Inna ta leƙo jin ƙara.

Jiya maki tara cikin minti bakwai,
Ya taka zai wuce, ya zube kawai,
Yana dukan ƙasa da hannu, na dafe kai,
Ƙafar dama ce, ta tsinke agara.

Duk da haka muka je hutu muna gaba,
48 da 47, ba mu sare ba,
Bayan hutu ƙarfin bai kai ba,
Na kalla har ƙarshe, ban bar saura.

Ɗan'asabe, Sabon Garin Zariya

Kawu, na ji gargaɗinka, kuma ya shige ni. Sagir, ba ni da amsar tambayarka, sai dai na lura fushin da nake yi da Durant ya ragu tun da na karanta ta. Auta, ƙanwata, naki na karanta sau biyu.

Da ya faɗi, na ajiye kofin shayi,
Murna ta tsaya, jikina ya yi sanyi,
A 2013 gwiwar Westbrook ta sa mu juyayi,
Mun san ɗacin nan tun da wuri.

Garinku da namu duk ƙanana ne,
Yaran da suka kai mu, na reno ne,
Na so a ce da ƙafarsa aka ƙare ne,
Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki haƙuri.