Waɗanda suka haɗa manhajar haraji da shagonsu na intanet a Amurka, ku ba mu labari

Mai Humra, Bronx: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina sayar da turaren wuta, humra da ɗinkakkun kaya a shagona na intanet. Da can da hannu nake lissafin harajin sayarwa, tunda kusan duk masu sayen 'yan birnin New York ne, kashi 8.875 cikin ɗari, shi ke nan. Yanzu oda ta fara zuwa daga Ohio, Maryland da Texas, kaina ya fara ɗaukar zafi. An ce in haɗa manhaja irin su TaxJar ko Avalara ta riƙa yi mini. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mini abin da ya tarar.

Baban Yara, Houston: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki taɓa wata manhaja, ki fara sanin jihohin da ya wajaba ki karɓi haraji. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na Yunin 2018, a shari'ar South Dakota da kamfanin Wayfair, jiha na iya tilasta miki karɓa ko da ba ki da shago a cikinta, muddin cinikinki a can ya kai wani adadi. Jihohi da yawa dala 100,000 suka saka a shekara. Texas da California kuwa dala 500,000 ne. Oda goma daga Ohio ba ta kai ki ko'ina ba tukuna. Jiharki ce dole tun daga cinikin farko.

Ni ga wautar da na yi. Ranar da na haɗa, na ga jerin jihohi da 'yan akwatuna a gefe, sai na bi su ina dannawa, wai don in fita haƙƙi. Sati biyu ina karɓar haraji daga mutanen jihohin da ban yi rajista da su ba. Mai yi mini lissafi da ya gani sai ya dafe kai, ya ce karɓa ba tare da takardar izinin jihar ba laifi ne. Haka na zauna ina mayar wa mutane dala uku, dala biyar, ina ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Ki yi rajista, lambar ta zo hannunki, sannan ki kunna jihar a manhaja.

Mai Humra, Bronx: Ikon Allah! Wallahi abin da na yi niyyar yi ke nan, in kunna duka in huta.

Antin Ɗinki, Brooklyn: 'Yar'uwa, tunda kin ce kina sayar da ɗinkakkun kaya, nan ne zan ja miki kunne. Haɗawar ba ta ɗauke ni minti ashirin ba: na saka manhajar, na kwafo makullin nan mai dogayen haruffa na liƙa, na rubuta adireshin da nake aiko kaya. Na ga tana lissafi, na ce alhamdu lillahi. Ashe ban faɗa mata wane irin kaya nake sayarwa ba, ita kuma duk abin da ba a saka masa rukuni ba cikakken haraji take ɗora masa. A birnin New York tufafin da bai kai dala 110 ba babu haraji a kansa, kuma kowace riga daban ake dubawa, ba jimillar oda ba. Wata baiwar Allah ta sayi doguwar riga ta dala 85, aka caje ta ƙarin dala 7.54. Ita ce ta kira ni, cikin ladabi kuwa, ta ce Anti yaushe aka fara karɓar haraji a kan riga? Kunya kamar in nutse.

Daren nan ban yi barci ba. Kaya sun fi ɗari biyu, na bi su ɗaya ɗaya ina saka musu rukuni: riga tufafi, hula tufafi, sarƙa da ɗan kunne daban, don su ana karɓa a kansu. Turarenki ma ana karɓa. Kuma ba ko'ina dokar take ɗaya ba. New Jersey da Pennsylvania ba sa karɓa a kan yawancin tufafi, Massachusetts sai abin da ya haura dala 175, Texas kuwa tana karɓa. Manhajar ta san duk wannan, amma sai kin nuna mata cewa wannan abin riga ce. Wani lokacin nakan tuna gida Najeriya da VAT ɗinmu na kashi 7.5, daga Sakkwato har Fatakwal, in yi dariya.

Ɗan Zongo, Columbus: Nawa gajere ne. Shagona a WooCommerce yake, wato manhajar gina shagon intanet, kuma tun da can na rubuta kason haraji da hannuna a teburin shagon. Da na haɗa manhajar na manta ban goge ba, sai aka riƙa caja sau biyu. Kwana huɗu kafin in lura. Ki share tsohon lissafi, sannan ki yi odar gwaji da adireshi uku ko huɗu na jihohi daban-daban. Ki haɗa da Oregon ko Delaware, inda babu harajin sayarwa. Idan kin ga wani abu ya fito a can, to akwai gyara.

Baban Yara, Houston: Gaskiya ne Malam. A gwada da cikakken adireshi kuma, ba lambar zip (lambar gidan waya ta unguwa) kaɗai ba. A nan Texas jiha na karɓar 6.25, ƙananan hukumomi su ƙara har ya kai 8.25, kuma zip ɗaya kan ratsa iyakar gari biyu. Kuɗin aike ma a duba, don mu nan ana ɗora masa haraji idan kayan na haraji ne.

Hajiyar Kilishi da Yaji, Maryland: Ni abin da ya ruɗe ni shi ne ina sayarwa a shagona, ina kuma sayarwa a Etsy, wata kasuwar intanet. Su Etsy da Amazon da eBay su ne ke karɓa su biya jiha a kan cinikin da aka yi ta wurinsu. Da na jawo duka cikin manhajar ban ware su ba, sai rahoton ya nuna ana bi na kusan ninki biyu. Saura kaɗan in biya abin da an riga an biya. Sai kuma kayan da aka dawo da su: na mayar wa wata kuɗinta ta wata hanya daban, ba ta cikin shagon ba, manhajar ba ta gani ba, harajin ya zauna a rahoto kamar cinikin yana nan.

Antin Ɗinki, Brooklyn: Hajiya kin tuna mini. Wata ukun da na tafi gida na rufe shago, na ɗauka tunda babu ciniki babu takardar harajin da zan tura wa jiha. Na dawo na tarar da tarar dala 50. Ko sisi ba ki sayar ba, sai kin tura takardar ki rubuta sifili. Tsarin da manhajar ke tura miki takardar kai tsaye kuma sai kin kunna shi da kanki, yawanci da kuɗinsa daban.

Mai Humra, Bronx: Allah ya saka da alheri, na rubuta duka a littafina. New York kaɗai zan kunna yanzu, in zauna in raba kayan rukuni-rukuni ranar Lahadi. Anti, tambaya ɗaya: idan na haɗa riga da kwalbar humra a matsayin kyautar Sallah a farashi ɗaya, wane rukuni zan saka?

Antin Ɗinki, Brooklyn: Kada ki haɗa su a farashi ɗaya, ƙanwata. Ki saka kowanne da kuɗinsa a layinsa, ki yi musu ragi idan an saya tare. Haka nake yi da riga da sarƙa.