"Haƙori ne, zai wuce": wa aka taɓa gaya wa haka?

Uwar yara uku, Rigasa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya aka sallamo mu daga asibiti bayan kwana huɗu, har yanzu hankalina bai gama dawowa jikina ba. Autana ɗan wata bakwai ne ya fara gudawa tsululu. Duk wanda ya leƙo sai ya ce haƙori ne. Ni ma na yarda, don ga dasashi ya tasa, ga dalala. Kwana biyu ina wankin kunzugu ina jiran haƙori ya fito. A dare na uku na shafa kansa, na ji maɗigarsa ta loɓa, yana kuka ba hawaye, kuma tun la'asar ban ga fitsarinsa ba. Da muka je, da ƙyar aka sami jijiyar da za a sa masa ruwa. Don Allah ni kaɗai ce maganar nan ta ruɗa?

Baban 'yan biyu, Kawo:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara masa lafiya, Hajiya. Ba ke kaɗai ba ce. Mu zazzaɓi ne, tsakiyar damina. Hassanarmu ta kwana biyu jiki rau, muna ba ta farasitamol muna cewa haƙori. Ina shago aka kira ni wai tana jijjiga, idanu sun kakkafe. A Keke Napep na rungume ta har asibiti. Da aka tsaga yatsa aka gwada, maleriya ce. Gwajin da bai fi minti 20 ba, shi na yi wa ganda har kwana biyu. Abin yana cina har yau.

Ma'aikaciyar jinya, Unguwar Rimi:
Sannunku da jinya. Ni ma da ɗana na fari sai da na yi kokwanto, duk da aikina ne. Haƙori yana sa dalala, ƙaiƙayin dasashi, rigima da ɗan ɗumin jiki. Amma zafin da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, ko gudawa kamar ruwa, ku nemi wani dalilin. Abin da ke ruɗa mu shi ne lokacin: wajen wata shida haƙori ke fara fitowa, a daidai nan yaro ke fara shan kunu, ya fara jan ciki, komai ya tsinta sai baki, kariyar da ya samu daga jikin uwa kuma tana raguwa.

Da an fara gudawa, a haɗa ORS, wato garin gishiri da sukari na asibiti da ke mayar da ruwan jiki: ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, a riƙa ba shi da cokali, abin da ya kai awa 24 a zubar. Sai ƙwayar maganin zinc kullum tsawon kwana 10 zuwa 14, miligiram 20, rabinsa ga wanda bai kai wata shida ba. Kada a yanke nono. Kuma tun 2022 rigakafin rota, ƙwayar cutar da ke jawo wa yara gudawa, yana cikin na yau da kullum a Najeriya, a sati 6, 10 da 14. Ku duba katin yaranku.

Kakar yara, Tudun Wada:
'Ya'yana, ni ina cikin masu cewa haƙori ne, haka muka taso muka ji daga iyayenmu, ba mugunta ba ce. Abin da ya sauya ni shi ne 2008, lokacin da maganin haƙorin nan My Pikin ya lalata ƙodar yara, har gwamnati ta ce 84 sun rasu, ciki har da na jiharmu. Tun daga nan ba kwalbar maganin haƙori da ke shiga bakin jikokina. Yatsa nake wankewa tas in murza musu dasashi.

Uwar yara uku, Rigasa:
Na gode Mama. Anti nas, zinc ɗin da aka ba mu yana sa shi yunƙurin amai, in dakata?

Ma'aikaciyar jinya, Unguwar Rimi:
A'a 'yar'uwa, ki cika kwanakin. Ki narka shi da ruwan nono a cokali, ki ba shi bayan ya sha ya ƙoshi. In ya ƙi nono, ko ya riƙa amayar da komai, ko kika ga jini a kashinsa, ki koma asibiti ko da tsakar dare ne.